Rumbun Ubangiji a Tudun Aduwa

Tudun Aduwa, arewa da Issawane
20 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga yayata Tanna, a Tasawa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan'uwa masu bi na wurinku. Ina ƙafar, ina kuma hannun? Mu nan muna cikin alherin Allah, ni da mai ɗakina Habsatu da ɗiyarmu Zara'u.

Bayan gaisuwa, Yaya, na san labarin damina ya iso ku, to ga namu. Ruwa ya ɗauke tun farkon Agusta, hatsi ya yi ciki ke nan. A tsaye ya bushe. Gonar da ta saba ba ni dami sittin, huɗu na ɗaure a cikinta, su ma in an sussuka rabi iska za ta kwashe. Gida shida ne na masu bi a garin nan, huɗu sun ɗaure kaya sun nufi kudu, ko da yake an ce iyakar Najeriya a rufe take. Ran Lahadi mu bakwai muka yi sujada a rumfar zana, har da Zara'u a lissafin.

Akwai abin da nake so ki taya ni addu'a a kai. Bara da kaka kowane gida na masu bi ya kawo dami ɗaya cikin goma. Muka kafa rumbu na zana a bayan rumfar sujada, muka zuba, muka ce wannan na Ubangiji ne: ranar da za mu yi gayyar gina masa ɗakin sujada na ƙasa, da shi za a dama furar magina. Ni na hau na ɗora wa rumbun hula, na ɗaure da igiyar kaba, na ƙulla da hannuna. Na yi alkawari gaban Allah da gaban jama'a ba za a kwance ƙullin ba sai ranar. Kin san al'ada tun gidan Baba: rumbun da maigida ya rufe don aikin damina ba a buɗe shi da rani kome yunwa, mace kuwa ko leƙa shi ba ta yi. To in damina ana yi mata wannan biyayya, ina ga Ubangiji?

Biyu daga cikin masu tafiya sun zo wai in mayar musu da damunansu su yi guzuri. Na ce musu abin da aka ba Allah ba a komawa a karɓo. Sun tafi ransu a ɓace, na kuwa ji zafin haka.

Kowace safiya nakan zagaya rumbun, in ɗaga kai in duba ƙullin, in yi addu'a. Yaya, shekara goma ina aikin bishara, ban taɓa jin ƙaunar Allah ta cika mini ƙirji kamar yanzu ba. Da can abin da ya saura nake ba shi. Yau da yunwa ta tsaya a bakin ƙofa nake so ya ga zuciyata ɗaya ce, ba a rabe take ba.

Habsatu tana gaishe ki ƙwarai. Alherin Ubangiji ya zauna tare da ke.

Ni ne ƙanenki,
Ishaƙu, mai bishara


Tasawa
11 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Ishaƙu, autan innarmu.

Ina gaishe ka, ina gaida Habsatu, a shafa mini kan Zara'u. Ƙafa da sauƙi. Hannu kuwa ga aikinsa kana gani: da tsumma na ɗaura fensir a ɗan abin da kuturta ta bar mini, in layi ya karkace ka karanta shi da karkacensa.

Umaru direban motar kasuwa ya kawo takardarka. Sau biyu na karanta. Na farko na yi kuka saboda gonar. Na biyu na ji kamar in miƙa hannu daga nan in ja maka kunne.

Mu ma nan ba daɗi. Mutanen arewa sun cika gindin itatuwa da tsofaffinsu da 'yan awakin da suka rage, soji na tattara su suna kai su bayan gari, ana ba su jar dawa ta taimako. Tiyar hatsi ta fi ƙarfin mai albashi, balle ni mai saƙar tabarma. Kowa bakinsa a rufe yake, don ba ka san wanda ke kusa da kai ba. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Auta, ni na goye ka, ni kuma na fara kai ka sujada bayan na dawo daga asibitin mishan, saboda haka ba za ka tsorata ni da manyan kalmomi ba. Ka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kai ka yi shekara uku a makarantar Littafi, ni a kan gadon jinya na koyi baƙi. Amma abin da na sani game da Yesu shi ne, lokacin da mutanen garinmu suka ware mini ƙwaryar shan ruwa, mutanensa ne suka wanke mini gyambo da hannunsu, ba su ko yamutsa fuska ba. Daga nan na bi shi, ban kuma juya ba.

Allah ba ya shan fura, Auta. Magina ke sha, maginan kuma kai da bakinka ka ce sun watse. Wa kake ajiye wa? Baba da kake kafa hujja da shi, ka manta shekarar da ya rufe rumbu ya tafi cin rani, muka yi wata biyu muna tsintar ƙarangiya ni da Inna? Kai kana baya kana tsala kuka, shi ya sa ba ka tuna ba.

Ɗakina ɗaya ne, amma tabarma ba ta ƙare mini ba, ni ke saƙa ta. Ku taho. In kuwa Malam mai gadin rumbu ba zai iya barin gadinsa ba, to ya hau ya kwance igiyar nan tun mutane na da ƙarfin daka.

Allah ya kiyaye ku, ya kuma sassauta maka taurin kai.

Yayarka,
Tanna


Tudun Aduwa
27 ga Janairu, 1985

Zuwa ga yayata Tanna.

Salama da alheri su tabbata gare ki. Ina gaisuwa da girmamawa, kamar yadda ya wajaba ga wadda ta goye ni.

Na yi jinkirin amsa don maganarki ta sosa ni, ban so in rubuta cikin fushi ba. Ga Zara'u nan na danƙa ta hannun Umaru tare da takardar nan. Habsatu ce ta matsa a tura miki ita. Na ce ita ma ta bi su, ta ce ba inda za ta. Na gode wa Allah da ya ba ni mata mai tsayawa tare da ni.

Namu hatsin ya ƙare tun kafin Kirsimati. Yanzu anza muke ci, 'ya'yan itacen daji. Sai ta kwana huɗu a ruwa ana canzawa kafin ɗacin ya ragu, a haɗa da dusa in an samu. Mata sun fara tona gidajen tururuwa. Masu bi da suka rage su ma sun tafi, saura mu biyu a rumfa. Duk ranar kasuwa nakan taka zuwa Issawane in ji ko motar taimako za ta biyo ta wajenmu, ran Alhamis kuma in zaga ƙauyukan da muke da 'yan'uwa ɗaya ɗaya in ƙarfafa su. Ban fasa ko sau ɗaya ba.

Zan faɗa miki abin da ya fi yunwa ci mini rai. Kin san Amani maƙwabcina, mijin Hawwa, wanda ya yanka mini gona ranar da na zo garin nan ina baƙo, alhali shi Musulmi ne kuma ya san abin da ya kawo ni. Shekaranjiya ya zo ya tsuguna a ƙofar gidana. Ya ce, "Malam Ishaƙu, mun san juna, ban saba roƙo ba. Ɗiyan ƙanena ukku na wurina bisa nawa, uwarsu ta tahi ba ta komo ba. Dami guda ka hidda muna, don yara."

Na ce masa ba nawa ba ne. Ya ce, "To na wa ne?" Na ce na Allah ne. Ya daɗe yana duban rumbun, sannan ya ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri." Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Habsatu tana bakin danga tana tsiyaye ruwan anza, ta ji duka.

Yaya, kada ki ɗauka zuciyar dutse gare ni. Ranar ban iya haɗiye kome ba. Amma ta wannan zafin na gane baikon da na yi wa Allah na gaske ne, tun da har kunyar maƙwabcina na ɗora a kai na miƙa wa Ubangiji. In na kwance yau don Amani, gobe don wani, jibi don cikina, ina alkawarin? Wanda ya ba da ransa dungum saboda ni bai cancanci in ba shi rabi kawai ba.

Na bar wa Habsatu ɗan wuri a ƙasa, ta ce tana da saƙo. Ubangiji ya riƙe ki.

Ƙanenki,
Ishaƙu

Yaya, ni ce Habsatu, ina gaisuwa. Zara'u ba ta son a ja mata kitso da ƙarfi, kuma sai an yi mata waƙa take barci. In kin samu basilla da zaren buhu ki aiko mini, ina da ɗinki. Ki riƙa sa mu cikin addu'a.


Tasawa
10 ga Maris, 1985

Auta,

Ina gaishe ka. Ina gaida Habsatu sau goma, kai sau ɗaya ya ishe ka.

Zara'u ta iso lafiya. Da na cire mata riga zan yi mata wanka sai da na juya baya don kada ta ga fuskata. Yanzu ta fara murmurewa, har tana tsokanar kajin maƙwabta. Amma duk tuwon da na ba ta sai ta gutsura ta ƙulle a bakin zane. Na tambaye ta na mene ne, ta ce, "Na Inna ne. Inna ba ta ci, kullum sai ta ce ta ƙoshi." Yarinya 'yar shekara biyar ta ga abin da malamin Littafi bai gani ba.

Na yi niyyar zuwa da kaina. Na haɗa 'yar dawa a buhu na shiga motar Umaru, a shingen soji na hanyar Kanan-Bakaché aka sauke ni, wai hatsi ba ya wucewa sai da takardar kumandan mai mulkin yankin, saboda masu ɓoyo. Na nuna musu hannuwana na ce ku duba, wannan ta yi kama da 'yar kasuwa? Wani ya yi dariya, amma bai ɗaga sandar ba. Haka na komo da ƙafar nan tawa ta kumbura. Ga ɗan garin rogo Umaru ya sa ƙarƙashin kujerarsa. Basilla da zare suna cikin ƙullin, ka ba mai su. Ban san abin da mace za ta ɗinka cikin wannan hali ba, amma tun da ta roƙa ga shi.

Maganar Amani kuwa, na kwana uku ba na son tuna ta. Mutumin ya tambaye ka na wa ne, ka ce na Allah, ka kuma bar shi ya tafi hannu wofi. To me ka koya masa game da Allahnka? Ni da ba ni da karatu na ji an karanta mana yadda almajiran Ubangiji suka ji yunwa ran hutu suka murtsuke zangarniya a gona suka ci, masu tsananin addini suka yi ca, shi kuwa ya tsaya musu. Kai ka fi ni sanin inda yake a rubuce.

Ban ce ba ka ƙaunar Allah ba. Na san tun kana yaro in ka kama abu ba ka saki. Tsorona kada a wayi gari ƙullin nan naka kake ƙauna kana tsammani Allah ne. Kullum ka ce kana ɗaga kai kana duba igiya. Yaushe rabonka da ka dubi wuyan hannun matarka?

Ina roƙonka, ba faɗa nake ba yanzu. Ka kwance.

Ubangiji ya ji ƙanmu duka.

Tanna


Tudun Aduwa
28 ga Afrilu, 1985

Yaya,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Saƙo ya iso, mun gode. Ki gafarce ni, ba ni da ƙarfin doguwar takarda.

Motar taimako ta zo sau ɗaya da soji biyu, aka auna wa kowane gida jar dawa tiya biyu. Kwana shida ta yi. Zafi ya kai inda ya kai, rijiya sai an jira ta taru.

Na dubi wuyan hannun kamar yadda kika ce. Ƙafafunta kuma sun kumbura, tana tari. Ran Talata ta faɗi a bakin rijiya, Hawwa ce ta riƙo ta zuwa gida. Ranar na jingina tsani na hau, har na kama ƙullin. Na sauko na je na tambaye ta, na ce Habsatu, in kwance? Ta zabura kamar na taka ta, ta ce, "Malam, kada ka buɗe shi don ni." Kin ji irin bangaskiyarta. Sai na ji kunya, na ɗauke tsanin.

Wani abu kuma yana ƙarfafa ni. Garuruwan da ke kewaye da mu kusan kullum sai an kai yaro makwanci, amma a unguwarmu tun Janairu ba mu rasa ko ɗaya ba. Ina ganin Allah ya dubi amincinmu ne yana kiyaye garin.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, addu'a ta yi mini nauyi. Nakan zagaya rumbun in yi ta magana, ba na jin kome. Daɗin nan da na ba ki labari da kaka ya tafi. Hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya sauka 'yan'uwa za su komo, mu zauna tare mu ga abin da ya kamata. Saura kaɗan.

Ki sumbaci Zara'u. Allah ya sada mu.

Ishaƙu


Tudun Aduwa
26 ga Mayu, 1985

Assalamu alaikum. Takarda daga Amani, maƙwabcin Malam Ishaƙu, zuwa ga yayarsa Tanna a Tasawa. Ni ban iya boko ba, Abdussalamu malamin lakwal, makarantar boko, ne ke rubuta abin da ni ke hwaɗi.

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyarki, sai haƙuri. Allah ya yi wa Habsatu rasuwa ran Litinin da hantsi, bisa cinyar matata Hawwa. Ba ta sha wuya ƙwarai ba wajen hita. Ta ambaci sunan ɗiyarta, ta kuma ambaci Annabi Isa irin yadda ku ke kiran shi. Allah shi ba ku haƙuri, shi raya abin da ta bari.

Mutanenku ba kowa garin, saboda haka mu munka haƙa mata kabari, ni da ƙannena da liman da kanshi. Munka tsaya gefe, Malam ya yi karatunku shi ɗaya, muryar ba ta hita sosai. Mata kuwa, ke dai ba ki gani ba. Unguwa duka ta hito, har waɗanda ba su iya tsayuwa sai da sanda. Sun yi kuka kamar uwarsu ɗaya ta mutu. Malam na ta dubansu, bai san dalili ba.

Dalilin na nan, amma ba na takarda ba ne, kuma ita ta roƙe mu mu yi shiru. Mun riƙe mata. Sai dai abin ya yi muna nauyi, Hawwa ba ta barci.

Abin da ya sa na aiko miki shi ne ƙanenki. Kwana shida ke nan yana zaune gindin rumbun nan, ba ya magana, ba ya karatu, abin da munka kai mishi sai dai kaji su tona. Ya taɓa hana ni abu, gaskiya ne, na kuwa ji zahi. Amma ban riƙe shi ba, don na san ba rowa ba ce, mutum ne da ya ɗaure kanshi ya rasa mai kwance shi. Shekara goma muna katanga guda ban taɓa jin ƙarya bakinshi ba. In kina da maganar da za ta tashe shi, ki aiko. In babu, ki yi mishi addu'a irin taku, mu ma muna yi irin tamu.

Hawwa na gaishe ki, tana yi miki ta'aziyya. Wassalam.

Amani


Tudun Aduwa
23 ga Yuni, 1985

Zuwa ga yayata Tanna.

Ina gaishe ki. Ban san ko kina son gaisuwata ba. Umaru ya zo sau uku ba takarda daga gare ki, na kuwa gane. Duk da haka ki karanta wannan har ƙarshe, akwai abin da ya kamata ki sani game da Habsatu.

Ruwan shuka ya sauka ran goma sha biyu ga wata. Ƙasa ta jiƙu sosai, amma ba wanda ya fita gona, don kowa ya cinye irinsa. Ni ina zaune gindin rumbu ruwan ya dake ni. Da gari ya waye na ɗauko tsani. Kada ki zaci tausayi ne ya tashe ni. Fushi ne. A raina cewa nake, ga hatsinka nan da ka fi so da matata, na gaji da gadinsa.

Ƙullin yana nan yadda na yi shi. Na kwance, na ture hular, na leƙa. Yaya, hatsin da muka cika har wuya ya koma ƙasa da rabi, tsakiyarsa ta lotsa kamar an kwashe tuwo a tukunya. Na yi ihu ina kiran ɓarayi. Mutane suka taru, mata suna ta sunkuyar da kai. Ina bisa tsani ina zagin garin da ya haƙa wa matata kabari.

Sai Hawwa ta matso ta ce, "Malam, sauko ka duƙa."

Na sauko. Ta nuna mini ƙarƙashin rumbun, tsakanin sandunan da ke ɗauke da shi. Sai da na kwanta rub da ciki na ja jiki kafin na gani. An tsaga zanar ƙasa kamar taƙi ɗaya, an ɗinke da zaren buhu. Ɗinki a kan ɗinki, an farke an mayar ban san sau nawa ba. Na san hannun, shi ne a wuyan duk rigunana. Basillar da kika aiko tana soke a gefe.

Ina kwance a wurin Hawwa ta tsuguna ta ba ni labari. Ta ce, "Bayan ran da ka hana maigidana, da kasuwa ta zagayo ka tahi Issawane, sai ga ta da zangarniya cikin zane. Da hwari da ƙaya ta ke kame wurin, har basilla ta zo. Turmina mu ke dakawa, mu lulluɓe shi da tsumma don kada a ji. Kunu mu ke damawa, kowane yaro ludayi guda. Yara goma sha tara, Malam. Duk ran da ka bar gari."

Na ce ita fa? Hawwa ta ce, "Mun yi mun yi ta sha, ta ƙiya. Ta ce hatsin na Ubangiji ne, shi ta ke kai ma ta bakin yara. In ta sa shi bakinta ya zama sata. Ta ce in akwai laihi shi tsaya kanta, kada a sa Malam ya karya alkawarinshi."

Kin tuna na rubuta miki cewa Allah yana kiyaye yaran unguwa saboda amincina? Kin tuna na yaba bangaskiyarta da ta ce kada in buɗe don ita? Tsoro take kada in gani in ɗinke wurin har abada. Wata takwas ina zagaya rumbun nan kaina a sama ina duba ƙullina. Ban taɓa duƙawa ba ko sau ɗaya. Ita kuwa da kumburarrun ƙafafu take jan ciki a ƙasa tana yi wa Ubangiji hidima, ina wa'azin ƙauna a ƙauyukan mutane.

Abin da ya rage na fitar da shi ranar. Ni da Amani muka raba wa kowane gida iri, ba mu tambayi addinin kowa ba. An shuka, ya tsiro, gari ya yi kore. Ba na iya dubansa da daɗi. Ɗakin sujada ba za a gina shi bana ba, watakila ba da hannuna ba.

Kin faɗi gaskiya, ƙullina nake ƙauna. Na ba Allah hatsi, na ba shi kunyata, na ba shi matata ba tare da ya roƙa ba, zuciyar dai na riƙe abata. Yanzu ba ni da dogayen addu'o'in nan. Da safe nakan durƙusa a rumfa in ce masa ga ni, ban iya ba, ka koya mini daga farko. Wani lokaci ina jin kamar bai kore ni ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma ina ganin ya fi abin da nake taƙama da shi da kaka gaskiya.

Ga basillar cikin takarda, ban isa in riƙe ta ba. Ban san yadda za a faɗa wa Zara'u ba. Ban roƙi gafararki ba, don ban ga da wane baki ba.

Ubangiji ya yi miki albarka.

Ƙanenki,
Ishaƙu


Tasawa
7 ga Yuli, 1985

Auta,

Ina gaishe ka. Ka gaida Amani da Hawwa, ka ce na gode.

Ban yafe maka ba tukuna. Kowace safiya ina roƙon Ubangiji ya ba ni, ban kuma fasa roƙo ba. Ga basillar na mayar maka. Ba ado ba ce da za a ajiye a Tasawa, a can take da aiki, kai kuma yanzu ka san inda ake duƙawa.

Zara'u na faɗa mata da kaina. Ta kwance bakin zanenta ta dubi ɗan tuwon da ke ciki, sannan ta ce, "To yanzu Inna ta ƙoshi?" Na ce mata e.

In an ɗaga shinge za mu zo da 'yar dawa, ka kai mu kabarinta. Ka ci abinci.

Yayarka,
Tanna